Na'urar Karatu Ko Ƙaramar Kwamfuta: Wacce Ya Kamata A Saya?

Kwanakin baya wani malamin makarantar sakandare daga kudancin Jihar Kaduna ya rubuto mana wasiƙa yana neman shawara. Ya ce ya shekara yana zuba adashi, ga shi kwasarsa ta zo daidai lokacin da 'yarsa ta fari ta sami gurbin karatu a jami'a, saboda haka yana so ya saya mata abin da zai taimake ta. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya sayi na'urar nan ta karanta littattafai, wadda aka ce tana ɗaukar dubban littattafai, kuma sai ta yi makonni ba ta nemi caji ba. Ƙanensa kuwa da ke aiki a Abuja ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, gara ya nemi ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce. Kuɗin dai ba za su sayi biyun ba, kuma in ya yi kuskure sai ya sake jiran wata shekara.

Mun tabbata ba malam kaɗai ke cikin wannan hali ba. Tun da aka bar darajar naira ta bi kasuwa a watan Yunin 2023, duk kayan da ake sayowa da dala sun ninka kuɗi, alhali iyaye da ɗalibai da ma'aikata ba su daina bukatar karatu ba. Don haka muka ga ya kyautu mu ba da amsar a wannan fili, kowa ya amfana. Tun daga farko bari mu faɗi inda muka dosa. Waɗannan na'urori biyu aikinsu daban ne: ɗaya kabad ɗin littattafai ce da ke shiga jaka, ɗayar kuma teburin aiki ce. Wanda bai tambayi kansa ko karatu zai yi ko aiki ba kafin ya shiga kasuwa, to, ɗan kasuwa ne zai zaɓar masa.

MECE CE NA'URAR KARATU?

Na'urar karatu, wadda a kasuwa aka fi saninta da sunayen Kindle da Kobo, wani ɗan allo ne da ya ɗara tafin hannu kaɗan, kaurinsa kamar na littafin rubutun 'yan makaranta. Wanda ya hango ta daga nesa sai ya ɗauka babbar wayar hannu ce, amma bambancinsu yana a fuskar. Fuskar waya da ta kwamfuta fitila ce, haske take turowa cikin idon mai kallo. Ita kuwa fuskar na'urar karatu an yi ta ne da abin da ake kira tawadar lantarki. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace ba ta wuce kaurin silin gashi ba, cikin kowace kuma akwai ruwa da ƙurar fenti iri biyu, fara da baƙa. Idan aka buɗe shafi, sai 'yar wuta kaɗan ta tura baƙar ƙurar sama a inda ake son harafi ya fito, farar kuma ta hau a sauran wuraren. Da zarar shafin ya zauna, shi ke nan, ba ya ƙara cin wuta sai an juya zuwa na gaba. Wannan shi ne dalilin daɗewar batirinta, kuma shi ya sa ake iya karanta ta da tsakar rana a filin Allah, inda fuskar waya kan dushe har mutum ya riƙa kare ta da hannu.

Wani malami mai suna Joseph Jacobson da ɗalibansa ne suka ƙirƙiro wannan tawada a jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa kamfanin E Ink a 1997 domin a riƙa yin ta. Kamfanin Sony na Japan shi ya fara fitar da na'urar karatu mai irin wannan fuska a 2004, amma abin bai bunƙasa ba sai ran 19 ga Nuwamba, 2007, da kamfanin Amazon ya fito da Kindle ta farko a kan dala 399, aka kuma saye ta kaf cikin awa 5 da rabi. Kobo ta biyo baya daga ƙasar Kanada a 2010, daga baya kamfanin Rakuten na Japan ya saye ta. A 2012 Amazon ya fito da samfurin Paperwhite mai 'yan fitilu a gefen gilashi, waɗanda ke haska shafin kamar yadda aci-balbal ke haska takarda, don haka ana iya karatu da dare. A 2024 kamfanonin biyu duk sun fito da masu launi, sai dai launin a dushe yake, kamar na tsohuwar jarida.

ITA KUMA ƘARAMAR KWAMFUTA FA?

A shekarar da Kindle ta fito, a ita ce kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wata 'yar kwamfuta mai suna Eee PC, fuskarta inci 7, nauyinta bai cika kilo 1 ba. Irinta aka riƙa kira netbuk. Tunanin yin kwamfuta mai araha ya samo ƙarfi ne daga shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, da burin a sayar da kowace a kan dala 100. Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fara gwada shirin, domin a 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja waɗannan kwamfutoci masu launin kore da fari. Farashin dai bai taɓa sauka zuwa dala 100 ɗin ba, amma shirin ya nuna wa 'yan kasuwa cewa akwai masu neman ƙarama mai sauƙin kuɗi.

Netbuk ta yi tashe na 'yan shekaru, sai iPad ta fito a 2010, wayoyi kuma suka ƙara girma da ƙarfi, kasuwarta ta faɗi. Zuwa 2013 Asus da Acer sun daina yin ta. Waɗanda suka gaje ta a yau iri biyu ne: Chromebook, wadda ta fara fitowa a 2011 kuma take aiki da manhajar Google, da kuma ƙananan kwamfutocin Windows masu fuskar inci 11 zuwa 13. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda makarantu da ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, ana sauke su a Ikko, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja kuma su bazu zuwa Kano da Kaduna da Jos.

Ƙaramar kwamfuta tana rubutu, tana lissafi, tana aika wasiƙa, ana cike takardun rajista da ita, ana kallon darasi ta intanet, kuma ita ma tana buɗe littafi a karanta. To, mai karatu zai iya tambaya, tun da tana yin duk wannan, mene ne amfanin sayen na'urar da ba ta iya komai sai karatu? Amsar tana cikin abubuwa uku: wuta, ido, da kuma hankali.

MAGANAR WUTA

Masu karatu ba za su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke kawo wuta daga Inugu ta Makurdi shi ma ya sami matsala. A kwanakin nan kowa ya ga yadda aka yi dogon layi a shagunan masu cajin waya. Mai kwamfuta, in ba shi da janareta ko sola, tun rana ta farko ya rufe ta ya ajiye. Mai na'urar karatu kuwa da caji ɗaya zai iya ƙetare duhun gaba ɗaya.

Amma fa a nan sai an yi hattara da maganar 'yan talla. Idan kamfanin Amazon ya ce batirin ƙaramar Kindle yana kai mako 6, na Paperwhite kuma mako 12, lissafin ya dogara ne a kan karatun rabin awa a kowace rana, an kashe intanet, an kuma rage hasken fitila. In aka buga lissafi, mako 6 ya zama awa 21 na karatu, mako 12 kuma awa 42. Saboda haka wanda ke karatun awa 3 a kullum zai nemi caji bayan mako guda ko biyu. Duk da haka tazarar tana da yawa, domin sabuwar ƙaramar kwamfuta in ta yi ƙoƙari ta kai awa 8 ko 10, ta hannu kuwa wadda batirinta ya gaji, wani lokaci ko awa 2 ba ta kaiwa.

Har ila yau, batirin na'urar karatu bai kai rabin na manyan wayoyin nan da ake yayi ba, kuma da cajar waya ake yi mata caji. Fawa banki ɗaya zai cika ta sau da dama, haka kuma 'yar fitilar sola mai kafar cajin waya ta ishe ta. Ga malamin da aka tura ƙauyen da ba a ja wuta ba, ko ma'aikaciyar jinya da ke kwanan asibiti, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

IDO DA HANKALI

Abu na biyu shi ne ido. Karatun awa biyu ko uku a fuskar kwamfuta yana gajiyar da mutane da yawa, ga shi dole a zauna a gaban tebur ko a ɗora ta a cinya tana zafi. Ƙaramar Kindle kuwa nauyinta giram 158 ne, wato ba ta kai nauyin wayoyi da dama ba, ana riƙe ta da hannu ɗaya a kwance ko cikin mota. Dattawan da idonsu ya fara rauni za su ji daɗin wani abu guda: ana ƙara girman haruffa yadda ake so, kowane littafi ya koma mai manyan baƙaƙe. Ɗalibi mai karanta littafin Turanci kuma, in ya ci karo da kalma mai wuya, danna ta kawai zai yi ƙamus ya fito masa da ma'anarta, ba sai da intanet ba.

Akwai kuma batun barci. Wani bincike da masana na jami'ar Harvard suka fitar a ƙarshen 2014 ya gwada mutum 12, waɗanda suka riƙa karatu kafin kwanciya, wasu darare a iPad, wasu kuma a littafin takarda. An gano cewa a dararen iPad sun ƙara kusan minti 10 kafin barci ya ɗauke su, kuma sinadarin da ke shirya jiki ga barci ya ragu. A lura, fuskar iPad irin ta kwamfuta ce mai turo haske, binciken bai shafi tawadar lantarki ba, kuma mutum 12 ba su da yawa. Amma ya isa ya sa mai karatun dare ya yi tunani.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi duka, shi ne hankali. Kwamfuta da waya kamar zama ne a bakin kasuwa: kana cikin shafi na uku saƙon WhatsApp zai shigo, ka leƙa Facebook, kafin ka ankara awa ta wuce. Na'urar karatu ba ta da mai sallama. Duk abin da ke cikinta littafi ne, in ka gaji da wannan sai dai ka buɗe wancan. Wanda ya san cewa rabonsa da ya kai ƙarshen littafi tun kafin ya sayi babbar waya, ya san abin da muke nufi.

INDA NA'URAR KARATU TA GAZA

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To, ga inda wannan rariya ke zuba.

Na farko, ba kowane littafi ne ke zama daidai a cikinta ba. Littattafan lantarki iri biyu ne manya. Akwai nau'in EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman fuska kamar yadda ruwa ke bin ƙwarya. In ka ƙara girman harafi sai layukan su sake jeruwa da kansu. Akwai kuma nau'in PDF, wanda hoton shafi ne a kafe, yadda aka tsara shi haka zai zauna. Yawancin takardun da malaman jami'a ke rabawa, da littattafan darasi na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, duk PDF ne da aka tsara a kan takardar A4, wadda daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗara inci 14. Fuskar yawancin na'urorin karatu kuwa inci 6 ce ko 7. Idan aka matse shafin A4 cikinta, haruffan sai su koma kamar ƙwayar gero, in kuma aka faɗaɗa, sai an riƙa ja dama da hagu a kowane layi, ga shi fuskar tawadar lantarki tana da nawa wajen sauyawa. Akwai manya masu fuskar inci 10, kamar Kindle Scribe da ta fito a 2022 a kan kusan dala 340, amma wannan kuɗi zai sayi kwamfuta mai kyau ta hannu.

Na biyu, ba a rubutu da ita. Ana iya ja wa layi alama ko a ɗan rubuta 'yar tunatarwa, amma ba a buga aikin gida, balle kundin kammala digiri. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma rajistar darussa da duba sakamako da neman aiki duk sun koma intanet. Yaron da hannunsa bai saba da madannan kwamfuta ba yana shiga irin wannan ɗaki da rauni tun kafin a fara tambaya.

Na uku, gilashinta siriri ne ƙwarai. In aka saka ta a aljihun baya aka hau acaɓa, ko aka danne ta cikin jaka, sai ta tsage daga ciki ko da sama bai nuna ba. Mai gyaran kwamfuta akwai shi a kowane babban gari, amma mai gilashin na'urar karatu sai an tona. Don haka duk wanda ya saye ta ya haɗa da riga mai murfi a ranar. A ɗaya ɓangaren kuma, ba ta da fanka a ciki kamar kwamfutoci da dama, saboda haka ƙurar hunturu ba ta dame ta ba. Zafi kuwa dukansu biyu ba sa son shi. Amazon ya ƙayyade wa Kindle iyakar digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Kada a bar ko wacce cikin mota a rufe da rana.

INA LITTATTAFAN ZA SU FITO?

Na'urar karatu ba ta zuwa da littafi a cikinta, kamar yadda sabon rumbu ba ya zuwa da hatsi. Ga mai karanta Turanci abin da sauƙi. Shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa na iya saukewa kyauta. Sababbi kuma ana sayensu daga shagon Amazon ko na Kobo, amma da kuɗin waje, don haka mai saye ya fara tabbatar da cewa katin bankinsa yana biya a ƙetare.

Ga mai karanta Hausa kuwa, gaskiya rumbun bai cika ba. Littattafan Hausa da ke waɗannan manyan shaguna 'yan kaɗan ne. Marubutanmu na yanzu, musamman mata masu rubuta labarai, sun fi sakin ayyukansu ta WhatsApp da Wattpad da manhajojin waya, waɗanda Kindle da Kobo ba sa ɗauka. Ana iya juya irin waɗannan rubuce-rubuce zuwa EPUB da wata manhaja ta kyauta mai suna Calibre, amma ita kanta a kwamfuta take aiki. A nan ma muna jan hankalin jama'a cewa littafin da marubuci ya sa wa kuɗi, a biya shi haƙƙinsa, guminsa ne.

Sai kuma matsalar haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wasu nau'o'in haruffan da ke zuwa cikin na'ura ba su da su, sai mutum ya ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Maganin yana da sauƙi, domin Kindle da Kobo duka suna yarda a zuba musu haruffa daga waje, kuma akwai na kyauta irin su Charis SIL da Andika da Noto waɗanda suka ƙunshi haruffan Hausa cif.

LITTAFIN DA KA SAYA, NAKA NE?

Wannan tambaya ce da 'yan kasuwa ba sa son a yi. Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka ara wa maƙwabci, ka bar wa jikoki. Wanda ka saya daga shagon Amazon kuwa izinin karantawa ka saya, kuma yawancinsu suna da makulli da ke ɗaure su da asusunka da na'urorin kamfanin.

A watan Yulin 2009 masu Kindle a Amurka suka wayi gari suka tarar an shiga na'urorinsu daga nesa an goge littattafai biyu na George Orwell da suka saya, wato 1984 da Animal Farm, wanda masu karatun Hausa suka sani da sunan Gandun Dabbobi a fassarar Bala Abdullahi Funtuwa. Dalili shi ne wanda ya sa littattafan a shagon ba shi da izinin sayar da su. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos kuma ya fito ya nemi gafara, amma duniya ta gane cewa makullin kabad ɗin yana hannun mai shago. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. A nan gida, dandalin OkadaBooks da aka kafa a 2013, wanda marubutan Nijeriya da dama suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Daga ran 26 ga Fabrairu, 2025 kuma, Amazon ya cire hanyar da mai saye ke bi ya sauke littafinsa a kwamfuta ya ajiye, sannan ya tura wa Kindle ta igiya. Ga wanda ke zaune inda intanet ke wuya, wannan hanya tana da amfani sosai.

Zanen aro dai ba ya rufe katara. Shawararmu ita ce duk littafin da mutum ba ya son rabuwa da shi, ya neme shi a takarda, ko a nau'in da ba shi da makulli, ya kuma ajiye kwafi a wuri biyu. Ta wannan fuska Kobo ta ɗan fi sauƙin hali, domin tana karanta EPUB kai tsaye in aka zuba mata ta igiya. Kindle ma tun 2022 tana karɓar EPUB, amma sai an aika ta hanyar intanet ta kamfanin, ko an juya shi da Calibre.

IN ZA A SHIGA KASUWA

Ga mai sayen na'urar karatu, a 2024 Amazon ya sa wa ƙaramar Kindle kusan dala 110, Paperwhite kuma kusan dala 160, ban da kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. A nemi mai fitila a ciki, kuma mai kaifin fuska ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ke sa harafi ya fito sumul kamar bugun madaba'a. Kada a biya ƙarin kuɗi don girman ma'ajiya, domin gigabait 8 ko 16 yana ɗaukar dubban littattafan da ba su da hotuna. In ta hannu ce, a tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa, a kuma shigar da naka a gaban mai shago kafin a biya, domin wadda aka kai rahoton an sace ta kamfanin kan hana a yi mata rajista. A buɗe farin shafi a duba ko akwai layi ko tabo da ba ya gushewa. A guji tsofaffi ƙwarai, domin tun watan Agustan 2022 wasu tsofaffin samfuran Kindle ba sa iya shiga shagon littattafai da kansu.

Ga mai sayen ƙaramar kwamfuta kuwa, araha ba ta ado. A nemi mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 in da hali, kada dai ta gaza 4, ma'ajiyarta kuma ta zama nau'in SSD mai gigabait 128 zuwa sama. Masu 32 ɗin nan suna cika tun kafin a zuba musu komai. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka a tambaya ko kwamfutar tana ɗaukar Windows 11, domin tsofaffi da yawa ba sa ɗauka. In Chromebook ce, a duba shekarar da Google zai daina sabunta ta, a kuma tabbatar ba a kulle take da sunan wata makaranta ta waje ba. A kuma sani cewa ta fi jin daɗin aiki inda akwai intanet. Daga ƙarshe, a cire caja a gaban mai shago, a kunna bidiyo na rabin awa, a ga yadda batiri zai sauka, a kuma danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji.

AMSARMU GA MALAM

Malam, ga 'yarka mai shiga jami'a, ƙanenka ya fi gaskiya. Ƙaramar kwamfuta za ka saya mata, domin abin da ke gabanta rubutu ne da rajista da takardun PDF, waɗanda na'urar karatu ba za ta iya da su ba. In an sami ragowar kuɗi, a sa a sabon batiri da jaka mai kauri. Littattafan labari kuwa ta fara karanta su a wayarta, akwai manhajojin karatu na kyauta.

Amma abokin aikin naka ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi kuskuren wanda zai ba shawarar. Na'urar karatu ta mutum irinka ce: wanda ya riga ya saba da karatu, yana zaune inda wuta ke wasan ɓuya, idonsa ya fara neman tabarau, kuma littattafan da yake so sun fi ƙarfin aljihunsa a takarda. Kafin ka sa ta a lissafin adashin baɗi, ga gwaji mai sauƙi. Ka sauke littafi ɗaya na kyauta a wayarka, ka karanta shi daga farko har ƙarshe. In ka kai ƙarshe kana ƙorafin ciwon ido da mutuwar batiri, to, kai ne aka yi wa na'urar karatu. In kuwa ka tsaya a babi na biyu, ka riƙe kuɗinka, domin na'ura ba ta sa wa mutum son karatu.

Muna yi wa ɗalibar fatan alheri a karatunta. Masu irin wannan tambaya kuma ƙofa a buɗe take, matambayi ba ya ɓata. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.